Farin Takalmin Ɗan'auta

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tashar Wudil ya san Malam Yahuza, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne baƙi, garin masara ya mayar masa da gira fara tun kafin furfura ta iso. In ka yi masa sallama sai ya dubi bakinka tukuna ya amsa, mutane kuwa suna ɗaukar wannan a matsayin natsuwa irin ta manya. Matan da ke kawo dawa da gero sun shaide shi da rashin surutu. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kowace Asabar, da an sallame La'asar, yakan kashe injin, ya yi wanka, ya sa farar riga mai dogon hannu, ya ɗaure wata baƙar akwati a bayan kekensa ya gangara bakin kogi.

Abin da ke cikin akwatin ƙaho ne na tagulla, mai maɓallai uku, wanda gumin hannu ya cinye wa launi a inda ake riƙewa. Ya girmi 'ya'yan Yahuza duka.

Mutumin Utai ne, ɗan manomi. Yana da shekara ashirin ya shiga aikin ɗan sanda, da aka ga faɗin ƙirjinsa sai aka tura shi cikin 'yan badujala, masu busa da kiɗa a wurin fareti. A barikin Kaduna ya haɗu da Ɗan'auta, gajere mai baki daga Lajawa, wanda aka bai wa ganga. Da suka gane cewa ƙauyukansu kasuwar Juma'a ɗaya suke ci, shi ke nan, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Wani tsohon saja mutumin Kalaba shi ya koya musu kiɗan jaz bayan an tashi aiki. Yakan ce musu da gurguwar Hausarsa, fareti umarni ne, kowa ya taka tare, amma jaz hira ce: wani ya yi magana, sauran su saurara, sannan a ba shi amsa. Yahuza, wanda a zaman majalisa sai ya wuni bai ce uffan ba, a cikin wannan hirar ne ya gano ashe yana da abin faɗa.

Mahaifinsa bai taɓa yarda da abin ba. Har ya koma ga Allah abin da yake faɗa guda ne: “Ɗan sanda na sani, maroƙi kuwa ban haifa ba.” Yahuza bai taɓa yi masa musu ba, bai kuma ajiye ƙahon ba.

Da suka yi ritaya suka dawo gida tare. Ɗan'auta ya koma noman shinkafa a fadama, Yahuza ya sayi injin niƙa. Ƙahon ya kwana shekaru a saman durowa, har wani malamin lissafi na jami'a, Dokta Saifuddeen, mai kaɗa fiyano, ya ji labarin tsofaffin 'yan badujala biyu da ke cikin gari. Shi ya yi ta sintiri har ya jawo su wani ƙaramin kulob da ma'aikata suka kafa a bakin kogi, rumfar kwano da kujerun roba, inda ake cin gasasshen kifi a kora da shayi. Aka samo Ya'u tela ya riƙe babbar jita, suka zama huɗu.

Ba a banza unguwa ta bar su ba. Mai unguwa da liman sun gindaya sharaɗi uku: ba giya, ba rawa, kuma sautin kiɗa ba zai taɓa haɗuwa da kiran sallar Magariba ba, domin masallacin unguwa bai fi taku ɗari da rumfar ba. Ladanin yana da wata ɗabi'a, kafin ya kira salla yakan ƙwanƙwasa lasifika da yatsa sau uku ya ga ko tana aiki. Ɗan'auta kuwa kunnen zomo gare shi. Da ya ji ƙwas ɗin farko zai danne ƙafarsa ta hagu a kan matakin wasu faifan tagulla biyu da ke cikin kayan gangarsa, masu haɗuwa su rabu, su rufe ruf, kiɗa ya yanke ko da a tsakiyar gaɓa ne. Sai ya ɗaga sandunansa ya ce wa jama'a, “Sai Asabar mu ƙarasa zancen.” Mutane har suka zo suna son wannan yankewar. In Asabar ta zagayo, daga inda aka tsaya ake ɗauka.

Injin niƙa ba ya cin hatsi kaɗai. A hankali ya riƙa cin kunnen Yahuza, yadda gara ke cin azara, daga ciki. Tsuntsayen da ke kuka a kan dalbejiyar ƙofar gidansa su suka fara tafiya. Sai muryar matarsa Hajara in tana magana daga madafa. Kiran salla kansa ya koma yana gane shi da inuwar katanga da tashin maƙwabta. Ƙahonsa dai yana jin sa, domin sautin yana bi ta haƙoransa ya hau ƙoƙon kansa, fiyano kuma yana isowa kamar daga ƙetaren kogi. Amma faifan tagullar Ɗan'auta, wanda shi ne ma'aunin kiɗan duka, wata Asabar ya neme shi ya rasa.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya tuna wani tsohon mai busa a bariki da kunnensa ya mutu, aka karɓe ƙahonsa cikin girmamawa aka mayar da shi mai goge akwatuna. Yahuza ya ga yadda mutumin yake zama a bakin ƙofa yana kallon kumatun wasu suna kumbura. Saboda haka sai ya yi dabara. Ya ja kujerarsa gefen dandamali, ya karkace, ya ce wai iskar kogi ce ke damun wuyansa. Daga nan yana hango ƙafar hagun Ɗan'auta tana hawa tana sauka a kan matakinta. Da ita yake ƙirga kiɗa. In Ɗan'auta ya gama tasa maganar da ganguna, diddigensa yakan ɗaga sama sosai, sai Yahuza ya shigo. In ƙafar ta danne ta tsaya cak, ladan ya taɓa lasifika ke nan, sai ya cire ƙaho daga baki. Shekara shida yana satar kiɗa daga ƙafar amininsa, yana ganin ba wanda ya kama shi.

A tsakanin nan ne Ɗan'auta ya tsiro da wani sabon iyayi. Ya sayi farin takalmin kambas irin na 'yan makaranta, ya riƙa shafe shi da farar ƙasa duk Asabar har yana ɗaukar ido, mutumin da duk mako yana cikin taɓon fadama da takalmin roba.

Ya'u tela ya ce, “Baba Ɗan'auta, wannan takalmi sai ka ce za ka tseren firamare.”

“Kai dai ɗinka wandonka. Mai ganga ƙafarsa ce fuskarsa.”

“To ai gara haka,” in ji Yahuza, “don waccan fuskar ta sama ba ta nunuwa.”

“Ku ji mutumin Utai. Shekara arba'in ina ɗauke da kai a kiɗa kamar goyo, yau ka yi bakin zagina. Dogo, in na ajiye sandunan nan, ko kiɗan tashe ba za a ɗauke ka ba.”

Aka yi dariya, har da Yahuza, wanda rabin maganar a leɓen mutumin ya karanta ta.

Ɗan'auta ya rasu wata Laraba cikin damina, bayan zazzaɓin kwana uku. Yahuza yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya ƙi a karɓe shi har bakin kabari. Asabar ɗin da ta gabata sun yanke kiɗa a tsakiyar wani taken da su biyu suka ƙirƙira tun a Kaduna, wanda suke kira Jirgin Fito. Ba a ƙarasa zancen ba.

Bayan an yi sadakar arba'in Dokta Saifuddeen ya kawo sabon mai ganga, Garzali, magidanci ɗan Gombe da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Hannunsa yana da kyau, yana kuma da ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Yahuza. Da Yahuza ya hau dandamali sai ya tarar an ɗauke kujerarsa daga gefe. An kawo wata mai hannu, an shimfiɗa mata darduma, an ajiye ta a gaba tsakiya, ganguna kuma an tura su can baya.

Dokta ya ce, “Baba, yanzu kai ne babbanmu. Ba zai yiwu kana raɓe a gefe mu yara muna gaba ba. Mutane ma sai su zage mu.”

“Likita, can ɗin ma ya ishe ni.”

“Wallahi a'a, Baba. Garzali da kansa ya ce ba zai iya zama kana kallon tafin ƙafarsa ba.”

Jama'a sun riga sun fara tafi. Mutum ba ya ture girma a gaban waɗanda suka ba shi. Yahuza ya zauna, kogi a gabansa, 'yan kiɗa duka a bayansa.

Ya yi ta lalube kamar mai tafiya a ɗaki ba fitila. Yana jin dukan babbar ganga kaɗan-kaɗan ta katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa, da shi ya riƙa dogarawa. Sau biyu ya shigo a makare, Dokta ya rufa masa da fiyano. Da rana ta yi ja suka ɗauki Jirgin Fito daga inda marigayi ya bar shi. Yahuza ya rufe ido. Abin da ya kasa faɗa a bakin kabari, da abin da ya kasa faɗa a zaman makoki, duk suka taso suka bi ta cikin tagullar nan. Bai taɓa busa irin ta ranar ba, shi kansa ya sani.

Da ya buɗe ido sai ya ga ba mai kallonsa da sha'awa. Wani dattijo ya miƙe tsaye yana ɗaga masa hannu. Wata malama ta rufe baki da mayafi. Ya waiga, ya ga Garzali ya ɗora sanduna a cinya, Dokta ya sunkuyar da kai, Ya'u kuwa bakinsa yana motsi, yana amsa kiran salla. Ladan ya kai hayya alas-sala. Shi kaɗai ya yi ta busa a kan kiran salla tun daga kabbarar farko, da lasifikar kulob a bakin ƙahonsa.

Kafin a idar da sallar Isha labarin ya gama unguwa. Washegari a wurin injin mata suka riƙa ajiye kwanukansu ba tare da doguwar gaisuwa ba. Wani ya ce tsufa ya zo wa tsohon ɗan sanda da gardama. Wani ya ce dama abin da ake gudu ke nan tun farko, kiɗan Nasara ba ya barin mutum da kunya. Ran Litinin Dokta ya zo har shago, ya jira aka kashe inji.

“Baba, liman ya aiko wa shugaban kulob, Alhaji Magaji. Ran Alhamis za a zauna. In ba wani bayani, sun ce an rufe kiɗa ke nan. Don Allah me ya faru? Garzali ya tsaya, ni na tsaya, har kiranka na yi sau biyu.”

Yahuza ya kaɗe gari daga hannunsa. “Kuskure ne, Likita.”

“Na sani, Baba. Amma kuskure na numfashi ɗaya ne. Wannan ya kai rabin kiran salla.”

“Kuskure ne,” ya sake cewa.

Hanya biyu ce a gabansa, ya kuma san su sarai. Ko ya yi shiru, garin da za a binne shi a ciki ya riƙe shi a matsayin wanda ya raina kiran salla, a kuma rufe wa mutum uku kiɗansu saboda shi. Ko ya buɗe baki ya ce shi kurma ne, a tausaya masa, a karɓe ƙahon cikin girmamawa. Kwana biyu yana juya su, kowace ya ɗaga sai ya ji ta fi 'yar'uwarta nauyi.

Ran Laraba Murja, matar marigayi, ta aiko a ce masa ya zo ya karɓi wani saƙo. Tana cikin takaba, saboda haka a soro aka shimfiɗa masa tabarma, ita kuma ta tsaya daga ciki, bayan labulen ƙofa. Yahuza ya dubi labulen, ba bakin da zai duba. Yana jin muryarta kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Duk inda ta ɗan tsaya sai ya ce, “Amin, amin. Allah ya jiƙansa.”

Can sai labulen ya motsa. Murja ta fito ta zauna a dokin ƙofa, ta gyara mayafi, ta fuskance shi sosai yadda hasken waje zai sauka a fuskarta. Ta yi magana a hankali, tana buɗe baki.

“Malam Yahuza, tambayarka na yi ya ƙafar Hajara, ka ce mini amin.”

Ya sunkuyar da kai. Ta jira har ya ɗago.

“Kada ka ji nauyi. Gidan nan mun daɗe da sani.”

Ta tura masa wani ƙullin leda. Ya kwance, sai ga farin kambas, an shafe shi da farar ƙasa, ƙafar hagun ta fi ta dama cinyewa a gaba.

“Shekara shida ke nan, wata Asabar ya dawo ya ƙi cin tuwo. Na ce lafiya? Ya ce, Murja, kunnen Dogo ya ƙaura, ya dawo ƙafata. Ya ce ya lura kana binsa da ido, ga rumfar nan da duhu in rana ta sunkuya, ga takalminsa baƙi. Washegari ya tafi kasuwa ya sayo wannan. Ni nake shafa masa farar ƙasar, duk Asabar da hantsi. In na yi sauri sai ya ce in ƙara, wai idonka ma ba na yaro ba ne.”

Yahuza ya riƙe takalmin hagun da hannu biyu. Ya ce, “Bai taɓa nuna mini ba.”

“Ina zai nuna? Na ce masa ku yi maganar mana, ku da kuka ci kwano ɗaya. Ya ce ke ba ki san Dogo ba, ranar da ya san na sani, ranar zai mayar da ƙahon saman durowa. Har rantsar da ni ya yi. Ɗaga diddigen nan da yake yi kamar mai taka ƙaya, kana tsammani haka aka koya muku a bariki? A tsakar gidan nan ya yi ta gwadawa, jikoki suna yi masa dariya.”

Ta goge ido da gefen mayafi.

“Na karya alkawarinsa, Allah ya yafe mini. Amma abin da ake faɗa a kanka ya shigo har ɗakin takaba, na san kuwa da yana nan ba zai bari ba. Mutumin da na sani shekara talatin yana sahun farko, a ce ya raina kiran salla? Ka ɗauka ka tafi da shi. Abin da za ka yi da shi kuma, kai ka sani.”

Abin da ya fi tsaya masa a rai ba asirin da ya tonu ba ne. Shekara shida yana ganin sata yake yi, ashe ajiye masa ake yi a bakin ƙofa.

Ran Alhamis da La'asar aka zauna a rumfar kulob: Alhaji Magaji, liman, da 'yan kiɗa. Alhaji Magaji ya fara doguwar shimfiɗa kan zaman lafiya da maƙwabta. Yahuza ya bari ya kai aya, sannan ya kwance ledar ya ɗora takalman a kan tebur, kusa da kofunan shayi.

“Allah gafarta Malam, Alhaji, ku yi haƙuri in yi magana, don in kun yi taku ba lalle in ji ba. Ni kurma ne. Yau shekara shida. Ban ji ladan ba ran Asabar, ban ji shi ba jiya, ko yanzu ya kira ba zan ji ba. Marigayi ne yake ji mini, ya faɗa mini da wannan.” Ya taɓa takalmin. “Na ɓoye don kada a raba ni da ƙaho. Ɓoyewar ce laifina, ita ta jawo abin da ya faru. Waɗannan bayin Allah ba ruwansu. In za a hana, ni za a hana.”

Dokta Saifuddeen ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Ni na ɗauke ka daga inda kake gani, Baba. Na ɗauka girma na ba ka.”

“Girma ka ba ni, Likita. Ni ne ban faɗa maka inda yake yi mini ciwo ba.”

Liman ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa sosai wajen Yahuza, ya ɗaga murya kaɗan. “Malam Yahuza, Allah ba ya kama bawa da abin da bai ji ba. Wannan zan faɗa wa jama'a da bakina bayan Magariba. Amma unguwa tana da kunne ko kai ba ka da shi. Ban ce kiɗanku ya dame ni ba, ban kuma ce ina sonsa ba. Sharaɗi dai yana nan inda yake. In aka sake, ba sai an zauna ba.”

Alhaji Magaji ya ce, “To ai maganar ke nan. Wa zai tsaya mana cewa ba za a sake ba? Ko dai Baba ya huta haka nan, mu riƙa ajiye masa kujera a gaba yana kallo?”

Yahuza ya ga kalmar kujera a leɓen Alhaji, sai ya tuna tsohon nan na bariki zaune a bakin ƙofa.

Garzali ne ya miƙa hannu ya ɗauki takalmin hagun. Ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya kara shi da tasa ƙafar. Ƙafar ta fi takalmin da kusan yatsa uku.

“Baba Ɗan'auta dai ba a ƙafa ya yi girma ba,” in ji shi.

Ya'u ya ce, “A baki ya yi.”

Dariya ta ɗan zaga teburin, har liman ya murmusa. Garzali ya take bayan takalmin ya zura ƙafarsa, diddigensa a waje.

“Alhaji, ni zan tsaya. A ba mu Asabar ɗaya. Sai dai Baba ya koya mini yadda ake yi, don ni an koya mini in kaɗa ba tare da jikina ya motsa ba.”

“An cuce ka,” in ji Yahuza. “Gobe in ka taso aiki ka biyo ta shago.”

Ran Juma'a da yamma, bayan an watse daga kasuwa, masu wucewa ta bayan tasha suka ga abin da ba su gane ba: injin niƙa a kashe, ma'aikacin jami'a zaune a kan buhun dusa yana taka wani guntun katako da farin takalmi ƙafa ɗaya, tsoho kuma tsugune a gabansa yana cewa, “Ɗaga sosai. Ba kunya ake yi da ita ba. In ka gama maganarka, diddige sama. In ka ji ladan, danne, kada ka ƙara ko motsi.”

Asabar ta zo da hadari a gabas wanda bai zubar ba. Rumfar ta cika fiye da kullum, wasu don kiɗa, wasu don su ga yadda za ta kaya. Kujera mai hannu tana nan a gaba da dardumarta. Yahuza ya wuce ta, ya ja ta roba zuwa gefen dandamali, ya karkace. Wannan karon bai ce komai game da iskar kogi ba.

Ƙafar Garzali ba ta Ɗan'auta ba ce. Tana da nauyi, tana ɗan gaggawa, ga baƙin silifa a ɗaya ƙafar kamar wanda ya fito daga gobara. A taken farko ya manta ya ɗaga diddige, Yahuza ya tsaya da ƙaho a baki yana jira, har Garzali ya tuna ya ɗaga shi da ƙarfin da ya sa takalmin ya kusa ficewa. A na biyu suka fara fahimtar juna. Da rana ta sunkuya, ƙarƙashin rumfar ya yi duhu, komai na bayan dandamali ya dushe, ban da farin abin nan da ke hawa yana sauka.

Dokta ya dube shi, ya furta sunan taken da leɓe yadda zai gani. Jirgin Fito. Suka ɗauka daga inda Ɗan'auta ya bari.

Yahuza bai rufe ido ba. Ya busa a hankali, ba irin ta makon jiya ba, kamar mai ba da labari ga wanda ya riga ya san ƙarshensa. Ya ba Garzali wuri ya yi tasa maganar, diddige ya ɗaga, ya karɓa. Saura gaɓa ɗaya su kai ƙarshe, yana tsakiyar jan wani dogon sauti, sai farin takalmin ya danne ya tsaya cak.

Ya cire ƙahon daga bakinsa a tsakiyar numfashi.

Bai ji komai ba. Ya dai ga kawunan mutane sun juya wajen masallaci, ya ga Alhaji Magaji ya sauke kafaɗa, ya ga leɓen Ya'u ya fara motsi. Ya bi leɓen, ya amsa kiran salla tare da shi, kalma bayan kalma, har ƙarshe.

Sannan ya zare bakin ƙahon, ya goge shi da ƙyalle, ya kwantar da shi a akwati. Garzali ya cire takalmin ya miƙo masa da hannu biyu. Yahuza ya girgiza kai.

“Riƙe shi a wurinka. Farar ƙasa ake shafa masa, ran Asabar da hantsi, kada a yi sauri.”

Garzali ya matso da fuskarsa inda haske yake. “Baba, saura gaɓa ɗaya fa mu ƙarasa.”

“Na sani,” in ji Yahuza, ya ɗauki butarsa. “Tana nan. Mu je kada mu rasa raka'a.”